Aski Lamba Bakwai

Daga Mai Aski zuwa ga 'yar goggonsa

Taubashiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da tukwanenki da mayunwatan ma'aikatan titin da kike dafa wa abinci. Allah Ya ba su haƙurin gishirinki. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da bayan nan nawa da tsayuwar shago ta gama da shi. Maman Auta tana gaishe ki.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ko da akwai sabis a dajin naku, wannan ba maganar waya ba ce. Duk kan da ya zauna a kujerata da kunnuwa biyu yake zuwa.

Maganar Auta ce. Kin san ta cika sha uku. Kin kuma san takardar nan da ke manne gefen madubina, mai hotunan aski da lambobi. To, ranar Asabar, benci cike da mutane, ta kawo min abinci. Maimakon ta ajiye ta fita, sai ta haye kujera, ta cire ɗankwali, ta ja mayafin aski ta ɗaura a wuya da kanta, ta ce, “Baba, lamba bakwai.” Lamba bakwai shi ne wanda ake kwashe gefe da ƙeya, a bar sama, a ja layi a goshi. Duk samarin layinmu shi suke yi.

Shago ya kwashe da dariya. Mai Walda har da buga cinya. Ni ma na yi, me zan yi? Na ce, “Sauka, 'yammata, nan layi ake bi.” Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kwance mayafin, ta ninke shi yadda nake ninkewa, ta fita.

Washegari da safe ina buɗe shago sai na gan ta a bayana. Ta ce, “Baba, ba wasa nake ba. Ni namiji ne. Tun ina ƙarami na sani, jira nake ku gane da kanku.” Na daka mata tsawa na ce kar in ƙara jin wannan shirmen, ta wuce gida.

Yau sati uku ke nan. Ta ƙi zama a yi mata kitso. Ta ƙi madubi. Makaranta sai an yi da gaske, ta ce kayan makarantar ƙona mata jiki suke yi. Uwarta ta ce ni na ɓata ta, tun tana shekara biyar nake barin ta tana juyi a kujerar shago. Ta yi kuka, ta yi duka, har wajen masu addu'a ta kai ta, shiru.

Ke ce wadda Auta take jin maganarta. Ki rubuto mata wani abu ta dawo hayyacinta. Motar ruwa ce aka ce tana kai muku wasiƙa, Allah Ya sa direban ba zai yi fifita da ita ba.

Ɗan kawunki,
Mai Aski

*

Daga mai girkin sansani zuwa ga Mai Aski

Yaya Sarkin Ƙeya,

Wasiƙarka ta iso da tabon man inji, na gode. Lafiyata lau, sai dai hayaƙi ya mai da idanuna ja kamar na mashaya. Baki sittin nake ciyarwa, babu wanda ya taɓa kuka da gishirina sai kai, mai cinye kwano sannan ya kushe. Ka gaishe min da Maman Auta. Bayanka kuma ka rage lanƙwasawa kana jin gulmar mutane, zai warke.

Da na karanta labarin kujera sai da na tuna kaina. Ka manta? Ni ce na sace wandonka a igiyar shanya na hau bishiyar makaranta da shi. Na rantse wa Kawu ba zan ƙara sa siket ba har in mutu. Shekara biyu ina wannan haukan, ranar nan na wayi gari ya wuce, ni na fara roƙon a huda min kunne. Yara suna yin irin wannan.

Juya takardar, ban gama ba.

Amma Yaya, na Auta ba irin nawa ba ne, kar ka haɗa. Ni bishiya nake so in hau, shi ya sa nake son wando. Ban taɓa ƙin madubi ba. Zuwana na ƙarshe na lura da yaron nan, ka yi haƙuri, da yarinyar nan. Na kawo mata 'yan kunne, ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, na ga fuskarta kamar na miƙa mata garwashi. Da za ni tashar mota ta riƙe min jaka ta ce, “Goggo, in mutum ya gaji da kansa ina yake zuwa?” Na mayar da shi wasa. Har yau ina jin haushin kaina.

Ban san sunan abin nan ba, ni ba likita ba ce. Abin da na sani, wanda ya haye kujera a gaban cikakken benci ba wasa ya kawo shi ba. Ka rufe shago da rana tsaka, ka zaunar da Auta, ka yi askin. Gashi ne fa, tsirowa yake yi. Ta ɗaura ɗankwali a kai in ana tsoron bakin unguwa. In abin mai wucewa ne, ya wuce, me ka yi asara? In ba mai wucewa ba ne, ta san tana da uba. Ka kuma kai ta asibiti, ba don a cire mata maganar ba, don wannan gajiyar da take faɗa.

In an yi hutu ka turo min ita. Ɗakina na kwano ne, amma yana da sakata.

Ka karanta mata duka.

Taubashiyarka

*

Daga Mai Aski

Taubashiya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, bayan ma da ɗan sauƙi tun da na samu wani man shafawa. Allah Ya sa kema haka.

Allah Ya yi miki albarka, wasiƙarki ta yi aiki. Bayan mun ci abincin rana na tara su, ita da uwarta, na karanta labarin wando da bishiya. Maman Auta ta yi dariyar da rabon ta da ita wata biyu. Na ce wa Auta, “Kin ji ko? Goggonki ma da bakinta ta ce hauka ne, kuma ya wuce.” Ta ce, “Goggo ce ta rubuta haka?” Na nuna mata rubutunki ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, “To.”

Bayan takardar kam ban karanta ba, kar ki ga laifina. Uwarta tana zaune, in karanta a gabanta in ce a yi aski? Gidan ya kama da wuta ke nan. Kuma ke kina daji, tsakaninki da mutane sai kwano da cokali. Ni a kan layin nan nake cin abinci. Ranar da aka ji na yi wa 'yata askin maza, wane uba ne zai ƙara turo min ɗansa? Yayyenta biyu suna gidajen mazajensu, su ma sai maganar ta bi su. Asibiti kuma me zan ce wa likita? Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki.

Zancen hutu ki bar shi. Sansanin maza sittin, haba taubashiya.

Ga albishir: an samu sauƙi sosai. Tun ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ba musu, ba kuka. Ɗankwalin da ake fama ta ɗaura, yanzu ko a ɗaki ba ta cire shi, da shi take kwana. Kitso dai ta ce ita za ta riƙa gyara kanta, uwarta ta ƙyale ta. Abinci ne ta rage, ta kuma daina leƙowa shago, amma ai girma ne ya zo, kunya ta fara shigarta. Da ma na san lokaci kawai abin yake so.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗan kawunki

*

Daga Auta

Goggo,

Ina wuni. Ina fatan kina lafiya. Ni ina nan.

Na kwafi adireshinki a bayan ambulan da Baba ya bari a kan rediyo. Kar ki gaya masa.

An karanta min wasiƙarki. Na ga rubutunki. Da ina cewa ko duk duniya ta ce hauka ne, ke ba za ki ce ba. Ba komai. Ba fushi nake ba, na gaji ne.

Goggo, kaina yana ƙara kamar injin Baba in ya yi zafi, ba ya tsayawa. A aji malama tana magana ba na jin komai sai ƙarar. Na gano in na tsige gashi sili ɗaya sai ya yi shiru kaɗan. To haka nake yi. Da gefe na fara, kamar yadda Baba yake farawa, na ce tunda ya ƙi zan yi wa kaina a hankali. Yanzu hannun ba ya tambayata, ko'ina yake zuwa.

Abinci kuma in na ci jikina ƙara zama abin da ba na so yake yi.

Ke da naki ya wuce, wace rana ce ya wuce? Da safe ne? Kin ji wani abu kafin nan? Ina jira nawa ya wuce, don Mama ta ci gaba da dariya. In akwai yadda ake yi ki gaya min.

Ni ne,
Auta

*

Daga Mai Aski

Taubashiya,

Gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, tunda wata biyu da rabi ba ki ga damar amsa min ba. In fushin bayan takarda kike yi, ai ya isa haka. Mu dai ba mu lafiya.

Ranar Talata aka aiko daga makaranta Auta ta faɗi a layin taro. Na bar mutum da rabin kai a kujera na ruga. Malamarsu ta cire mata ɗankwali don ta sha iska, sai ta saki ihu. Taubashiya, shekara ashirin da shida ina kallon kawunan mutane, ban taɓa ganin irin wannan ba. Wajen tsakiya babu gashi ko ɗaya, duk gyambo, ya kumbura yana ruwa. Gefe tsilli-tsilli. A gida uwarta ta ɗaga katifa ta samu safar makaranta guda biyu cike da gashi.

A gidan mai aski! Kullum tana wucewa ta gabana. Ni da nake hango makero a kan yaro tun daga bakin ƙofa, ban ga kan 'yata ba.

Tana asibiti, ɓangaren yara. Da na ɗauke ta na ji kamar buhun da ba komai a ciki. Likitar ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya daɗe yana cin ta. Ta tambaye ni ko akwai abin da yarinyar ta taɓa faɗa mana. Maman Auta ta taka min ƙafa. Na ce babu.

Ba ta magana da kowa. Na ce mata zan rubuto miki, ko tana da saƙo, ta juya fuska bango. Me kika yi mata? Ke da take rawa in an ce wasiƙarki ta zo.

Don girman Allah ki amsa.

Ɗan kawunki

*

Daga mai girkin sansani

Yaya,

Ina raye, iyakar abin da zan ce game da lafiyata ke nan.

Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Titi ya yi gaba, sansani ya bi shi, mun tashi zuwa bakin wani kogi da ake wa gada. Wasiƙu suna ta taruwa a tsohon wuri a cikin akwatin mai gadi. Jiya direban ruwa ya miƙo min uku a haɗe: biyu naka, ɗaya ta Auta. E, ta Auta. Na zauna a kan buhun albasa na karanta su a jere, na bar tukunya ta ƙone, mutum sittin suka ci ƙauri, ban ba kowa haƙuri ba.

Kana tambayata me na yi? Kai ka yi, da bakina. Ka ɗauki rabin maganata ka yanka yaron nan da ita. Ka ga na ce yaro. Ba kuskuren biro ba ne wannan karon. Ni ma ban gane ba, Yaya, amma ya gaya maka ko shi wane ne, ya gaya min, kiran ba zai rage mu da komai ba. Ni ma ina da nawa laifin. Na san halinka, na san kai mai karanta abin da ya yi maka daɗi ne, da na fara da bayan takardar. Labarin wandon banza!

Ka koma wajen likitar kai kaɗai ka gaya mata gaskiya. Ta yaya za ta yi maganin abin da kuka ɓoye mata?

Na roƙi hutu. Shugaban aiki ya ce ba mai motsawa sai an ɗora gada, sati shida. Na ce zan ajiye aikin, ya ce ko na ajiye babu motar da ke ɗaukar mutane sai ta ƙarshen wata mai zuwa.

Ga 'yar takarda nan a ciki ta Auta. Ka haɗa da tsohuwar, gaba da baya, ka karanta masa. In ka tsallake harafi ɗaya ban yafe ba.

Auta, ɗana: ban ce hauka kake ba. Nawa daban, naka daban. Ba sai ya wuce ba kafin in so ka. Ka ci abinci ko cokali uku ne, ka jira ni. Ina zuwa.

Goggonka

*

Daga Mai Aski

Taubashiya,

Na samu wasiƙarki. Allah Ya kawo ki lafiya. Jikina ba abin da zan ce a kansa.

Na yi abin da kika ce. Na sami likitar ni kaɗai na gaya mata komai, tun daga ranar Asabar ɗin nan. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta rubuta, ta ce da an zo da wuri da aikin bai kai haka ba. Ta ce magani zai ɗauki lokaci, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba.

Na karanta takardunki biyu a bakin gado, gaba da baya, ban tsallake ko ɗigo ba. Har inda kika ce in rufe shago in yi askin na karanta. Auta ta saurara, idonta a kan ledar ƙarin ruwa. Da na gama ta ce, “Yaushe Goggo ta rubuta ta farkon?” Na faɗa mata. Ta ƙirga watannin da yatsu.

Ranar Alhamis da safe nas ta ce gyambon ba zai warke ba sai an aske sauran gashin don a riƙa wankewa. Ta zo da reza a faranti. Na ce ta yi haƙuri, wannan sana'ata ce. Na je shago na ɗauko inji da buroshi da mayafi da ƙaramin madubin nan na hannu. A hanya ina ta ce wa kaina, to, yau zan yi lamba bakwai, kowa ya ce abin da zai ce.

Na zaunar da Auta a kujerar roba kusa da taga, na ɗaura mayafi. Sai da na tsaya a baya na duba kan sosai na ga wautata. Lamba bakwai gashin sama yake so. Saman ne babu. Na zagaya dama, na zagaya hagu, ina neman inda zan ja ko layi ɗaya, babu. Na kwashe duka, ƙwal, ina kauce wa ciwon.

Na kaɗe wuya da buroshi, na ɗaga madubi a ƙeya yadda nake wa kowa. Kin san abin da nake ce wa yaran layinmu in na gama. Shi na faɗa, da ƙarfi, har matar gadon kusa ta waiwayo. Na ce, “Saurayi, ya yi?”

Bai kalli madubin ba. Ya ce, “Da nas ta ce, ai ka yi.”

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ni, yau kwana tara.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na gane abin nan ba. Ban gane ba. A gida in na ce “shi” Maman Auta tashi take ta bar min ɗakin, in na ce “ita” bakina ɗaci yake yi. Ta gaya wa unguwa makero ne ya yi tsanani. Ta sayo sababbin ɗankwali guda uku ta ajiye na ranar sallama. Ta ce kar a ƙara kawo wasiƙarki gidan. 'Yan'uwanta maza sun zo sun zauna, sun yanke cewa in an sallame shi za su tafi da shi can wajensu ya huta, inda babu shagon aski, babu masu zuga shi. Na ce a jira ki zo. Suka ce ke wace ce a maganar. Kin san ni a gaban taro, haka na bar su suka tashi da maganarsu. Likitar tana cewa wataƙila sallama nan da sati biyu. Ke kuma saura sati huɗu.

Cokali ukun da kika ce, wata rana yana ci, wata rana ba ya ci. Likitar ta ce akwai wuraren da gashin ba lalle ya sake tsirowa ba. Kin ce min gashi ne, tsirowa yake yi. A lokacin da kika faɗa gaskiya ne.

Na koma buɗe shago, don zama a gida ya fi ƙarfina. Jiya Mai Walda ya kawo ɗansa, sa'an Auta ne, ajinsu ɗaya. Yaron ya haye kujera ya ce lamba bakwai. Na yi masa. Da na gama na ɗaga kai na duba agogon bango, ban san me ya sa ba.

Minti goma sha biyu ne, taubashiya. Duka-duka abin da ya roƙe ni ke nan.

Ɗan kawunki,
Baban Auta